Gwangwani Biyu a Teburin Stoffel

Akwai wani dattijo mai kiwon tumaki a yankinmu na Karoo, sunansa Stoffel. Yana da wata tsohuwar bindigar farauta da ya gada a wurin kakansa, irin mai sakatar nan da ake ja a tura bayan kowane harbi. Harsashinta ya yi wuyar samu a shago tun da daɗewa, don haka shi yake ɗura abinsa. Ya wanke kwanso, ya auna albarushi, ya ɗora dalma, ɗaya bayan ɗaya. Shekara arba'in da ɗaya yana yi, ba a taɓa jin nasa ya ba da kunya ba, kuma bakinsa ba ya gajiya da faɗin haka.

Masu wannan aiki suna da doka guda: gwangwanin albarushi ɗaya tak ake ɗorawa a kan tebur. Na bindigar tsuntsaye yana ci da sauri. In ya shiga harsashin babbar bindiga, ƙarfen ne zai fashe a fuskar mai harbi.

A farkon sanyin shekarar nan matarsa Hettie ta rasu. Yana cikin ɗura harsashin harbin zabi a ɗakin aikinsa aka kira shi cewa ta faɗi a madafa. Kwana tara bayan haka aka binne ta.

Stoffel bai yi kuka ba. Ya gaisa da masu ta'aziyya, ya ci abin da aka ajiye masa. Da gida ya watse, ya rasa abin yi da hannunsa, sai ya shiga ɗakin aiki ya ɗura wa tsohuwar bindiga harsashi hamsin, ya jera su a akwati.

Bayan wata guda 'yarsa Annelie, malamar asibiti ce a birni, ta bugo waya. Ta ce za ta zo ta harbo barewar da za a yi busasshen naman bana, kamar yadda uwarta take yi duk shekara da wannan bindiga. Ya ce mata harsashi yana nan a shirye.

Ana gobe za ta iso, Frikkie ya zo aron almakashin waya. Yayan marigayiyar ne, gonarsa tana bayan dutse, kuma shi da Stoffel sun shekara arba'in suna tsokanar juna. Ya leƙa ɗakin aikin, ya tsaya cak.

"Suruki, yaushe ka fara auren mata biyu a tebur ɗaya?"

Stoffel ya duba. Gwangwani biyu ne, na zabi da na barewa, ƙura ta rufe su daidai wa daida.

Frikkie ya tambaye shi daga wanne ya ɗiba ranar da ya ɗura hamsin ɗin. Stoffel ya ce daga wanda ya kamata. Frikkie ya ce ba abin da ya kamata ya tambaya ba, abin da ya tuna ya tambaya. Ya roƙe shi ya kwance harsasan duka ya duba, tunda daga waje ba a ganewa.

"Kai da ba ka iya harbin ƙofar rumbu daga ciki ba, kai za ka koya mini?" in ji Stoffel. Babu zafi a muryarsa, babu dariya. "Ɗauki almakashinka."

Frikkie ya ɗauka. A bakin ƙofa ya ce, "Ƙanwa ɗaya gare ni, kuma 'ya ɗaya ta bari." Ya tafi.

Washegari da hantsi uba da 'ya suka hau mota zuwa fili. Annelie ta yi ta ba shi labarin asibiti, yana amsawa da "to". Suka hango garken barewa a gindin tudu. Ta zuba harsashi biyar, ta kwanta rub da ciki, ta tura sakata, ta ɗora kumatunta a kan katakon bindigar.

Stoffel yana durƙushe a gefenta. Bai kalli barewa ba. Idon 'yarsa na dama ya kalla, wanda bai fi taƙi ɗaya daga sakatar ba.

Ya nemi ranar da ya ɗura harsasan nan a cikin kansa. Ya tuna ya zauna a kujera. Ya tuna ya rufe akwati. Tsakanin biyun babu komai, kamar an share allo. Albarushi ya ƙare a ma'auni ya ƙara? Hannunsa wane gefe ya miƙa? Bai sani ba.

"Ɗauke yatsanki," ya ce.

"Baba, za su gudu."

"Su gudu."

Ta fitar da harsasan, ta mayar da su cikin akwati tare da sauran. A hanya ya gaya mata maganar gwangwanin a jimla biyu.

Suka zauna a ɗakin aiki. Yana zare dalma, tana juye albarushin kowane kwanso a kan farar takarda. Na barewa dogaye ne ƙanana, kamar gutsattsarin tsinke. Goma na farko lafiya. Ashirin lafiya. Annelie ta ce wataƙila dai Kawu Frikkie ne da tsoronsa. Stoffel ya miƙa mata na gaba.

A na ashirin da uku, abin da ya zubo faɗi-faɗi ne, kamar dusa: albarushin zabi.

Suka ci gaba har na hamsin. Takwas suka samu masu albarushin zabi.

Annelie ta dubi akwatin da ya zama wayam. Ta ce, "Wanne ne a cikin bindigar ɗazu?"

"Kin mayar da su cikin sauran," in ji shi. "Ba za mu sani ba."

Ya daɗe zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Can ya tashi ya ɗauki waya ya kira Frikkie.

"Takwas ne," ya ce.

Frikkie ya ce gobe zai zo da tasa bindigar, mai harsashin shago, yarinya ta harbi barewarta. Ya ƙara da cewa a ɗora masa kofi.

Stoffel ya ce to. Ya ajiye wayar, ya juyo, ya ga 'yarsa tana kallonsa da idanunta biyu.

Darasi: Shekarun gwaninta ba sa tsare hannu ranar da zuciya ba ta gida. In wani ya ce ka sake dubawa, ko da abokin tsokanarka ne, ka haɗiye girman kai ka duba, domin sau da yawa ba kai ne za ka ɗauki raunin kuskurenka ba. Ku tura wa wanda kuka san rayukan mutane suna rataye a kan aikin hannunsa.