Korau Masaƙin Tabarma a Shekarar Agana

An yi wani mutum a wani birni, tun zamanin kakanninmu, ana ce masa Korau. Bawan Allah ne, sana'arsa saƙar tabarma. Ɗaki ɗaya gare shi a gidan haya, irin gidan nan na talakawa, ƙofa na kallon ƙofa, rijiya ɗaya, makewayi ɗaya. A ɗakin nan yake zaune da matarsa Tabawa, a nan kuma yake jibge tabarmin da ya saƙa.

To, sai agana ta shigo gari. Ku yaran yanzu ba ku san agana ba, Allah ya raba ku da ita. Zazzaɓi take fara sa wa mutum, sannan ƙuraje su feso tun daga fuska har tafin ƙafa. Wani ya tashi da zane, wani ya tashi ba ido, da yawa ba su tashi ba. Hukuma ta sa doka: duk gidan da ta ɓulla, a faɗa wa duba-gari. Su kuwa sai su ɗauke mara lafiya zuwa bukkoki a bayan gari, su ƙone kayan ɗakinsa, su yi wa sauran mutanen gidan lambar rigakafi a dantse. Talakawa sun fi tsoron wannan a kan cutar. Kowa sai ɓoyo.

Ran nan Tabawa ta kwanta. Da ƙurajen suka fito, mai gidan, Alhaji Barau, ya ja Korau zaure.

"Korau, ka kama bakinka. In duba-gari sun zo, ka ce ta tafi ganin gida."

"Alhaji, ai tana ciki kwance."

"Na sani! Tabarminka fa? Aikin rani guda, wuta za su cinna musu. Ni kuma wa zai ƙara kama ɗaki a gidana?"

Ku saurara, jama'a, kada ku zaci abin bai dame shi ba. Ya dame shi. Ya koma ɗaki, ya dubi tabarmin nan, ya dubi matarsa. Ta bakin ƙofa yana hango 'ya'yan maƙwabta suna wasa a gindin rijiya, daidai inda yake wanke kwanon kununta.

Tabawa ta ce, "Malam, me Alhaji ya ce?"

"Ya ce in ce kin yi tafiya."

Ta ce, "Ina tsoron bukkokin nan."

"Ni ma ina tsoro. Amma ba ke kaɗai za ki je ba. Na yi agana ina yaro, ba ta komo wa mutum. Ƙafata ƙafarki."

Bai jira duba-gari sun zo ba. Shi ya taka ya kira su.

Suka zo, suka fitar da tabarmi suka ƙone, yana tsaye yana kallo. Suka jera mutanen gidan, babba da yaro, suka yi musu lamba. Mata suna kuka suna cewa, "Korau ka tona mana asiri, Allah ya isa!" Ya bi bayan amalanken da aka ɗora matarsa.

A can bayan gari shi ke ba ta ruwa, shi ke kore mata ƙuda. Wanda ba shi da mai jinya a bukkar kusa, shi ma ya leƙa shi. Tabawa ta tashi, amma idonta na hagu ya tafi. Da suka dawo, suka tarar an ba wani ɗakin. Korau ya kama hannun matarsa suka koma wata unguwa, ya shiga daji ya yanko kaba, ya zauna ya fara saƙa daga fari.

A gidan Alhaji Barau kuwa, ba wanda ya ƙara kwanciya. Yaran nan duk sun girma. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce wa Korau ya gode. Cewa suka yi Allah ne ya kiyaye. Gaskiya ne, Allah ne ya kiyaye. Amma ta hannun wa?

To, jama'a, gaskiyar da ba ta ci maka komai ba, kowa ma yana iya faɗarta. Wadda ake auna imani da ita, ita ce wadda za ta ci kayanka, ta ci mutuncinka a idon mutane, kuma ba mai gode maka. Yau in cuta mai yaɗuwa ta shigo gidanka, kada ka ɓoye saboda kunya ko tsoron asara. Ɗan maƙwabcinka amana ne a wuyanka, kuma za a tambaye ka shi. Allah ya ba mu ikon faɗar gaskiya ran da take da nauyi.