Jajayen Hulunan Malam Ludwik

Akwai wani malamin tarihi a sakandaren garinmu, nan kudancin Poland, sunansa Malam Ludwik. Mutumin kirki ne, sai dai yana da cutar son komai ya jeru. Ko kujeru ya gani a karkace sai ransa ya ɓaci.

Bayan rawar da ’yan ajin ƙarshe ke yi idan saura kwana ɗari jarrabawar fita, sai ya shigo aji da wani ƙaton buhu. A ciki akwai jajayen hulunan ulu ashirin da takwas, yayarsa ce ta saƙa. Ya ce daga yau ajin ya zama ƙungiya, magana ɗaya, tafiya ɗaya. Kuma don kada wani ya ce wannan tawa ce, kowace safiya za a zuba hulunan a kwando, kowa ya rufe ido ya ɗauki wadda ta zo hannunsa.

Yara kuwa suka karɓa hannu bibbiyu. Cikin mako guda an samu shugaba, Borys, wanda ya fi kowa lissafi kuma ya san ya fi. An samu gaisuwa ta musamman, yatsa biyu a bakin hula. Har a ɗakin cin abinci, idan Borys ya ce miyar kabeji ta yi gishiri, ajin gaba ɗaya sai ya ajiye cokali, har da waɗanda yunwa ke nema ta kayar.

Yarinya ɗaya ce ta ƙi, Kinga. Mahaifiyarta mai gyaran gashi ce a bakin kasuwa, kuma tun tana ƙarama aka haddasa mata cewa ba a aron mataji, ba a aron hula. Ta ce za ta saka ja idan ana so, amma tata ta kanta, ba ta shiga kwando.

Borys ya dube ta sama da ƙasa ya ce, “To gimbiya, kanki ya fi namu tsada ke nan? Sai ki je ki yi lissafinki da shi.”

Nan ne abin ya taɓa ta. Kullum bayan an tashi, Borys kan tara ajin ya yi musu bitar lissafi, kuma Kinga ta fi kowa bukatar wannan zaman. Tana son karatun likitan dabbobi, amma lissafi ya tsaya mata a wuya, sau biyu tana faɗuwa gwaji. Aka manna takarda a ƙofa cewa bita ta masu hula ce kawai.

Ta je ta sami Malam Ludwik. Ya saurare ta, ya gyara zaman jar hular da shi ma ya ɗauko daga kwando, ya ce ai ba shi ya kore ta ba, ra’ayin jama’a ne. Ni dai wannan amsar ta fi komai ba ni haushi a labarin nan. Kinga ta koma gida ta yi kukanta, ta ci gaba da fama da littafi ita kaɗai.

A farkon watan Maris aka fara susa. Da farko a ɓoye, da bakin biro. Daga baya gaisuwar yatsa biyun nan ta fara daɗewa a kai fiye da yadda aka tsara. Borys ya ce ulun ne, kuma mai juriya ba ya ƙorafi. Ajin ya amsa cewa ulun ne. Malam Ludwik yana bayanin yaƙi a gaban allo, hannu ɗaya da alli, ɗayan a bayan kunne.

Nas ɗin makaranta ce ta warware zancen. Ta shigo, ta sa aka cire huluna, ta duba kai uku kawai ta ja da baya. Kwarkwata ce, kuma ba baƙuwa ba, ta yi ’ya’ya da jikoki. Kai ashirin da bakwai duk sun kamu, na ashirin da takwas shi ne na malam, wanda gashinsa bai fi a ƙirga ba amma aka samu masu zama a ciki. Na Kinga kaɗai aka samu fes.

Nas ta ce hanya mafi sauri aski ne. Wata yarinya ta fashe da kuka. Kowa a nan ya sani, daga ranar rawar nan har a gama jarrabawa ba a taɓa gashi da almakashi, don wai karatun zai zube tare da shi. Ko wanda ya ce bai yarda da camfi ba, ba za ka gan shi a shagon aski ba. Borys da kansa ya dafe kai da hannu biyu kamar za a ƙwace masa.

Kinga na iya yin shiru ta sha kallo, kuma ba wanda zai ga laifinta. Sai ta ɗaga hannu ta ce ba dole sai an aske ba. A shagonsu akwai magani da mataji mai ƙananan haƙora, sai dai aikin yana cin lokaci, kai ɗaya awa guda, kuma sai an maimaita.

Ranar Asabar da hantsi suka yi layi a ƙofar shagon, ba hula, ba gaisuwa, kowa yana kallon ƙasa. Malam Ludwik ya zo na ƙarshe. Mahaifiyar Kinga ta zaunar da shi, ta gama da kansa cikin minti huɗu, sauran lokacin ta cinye shi wajen gaya masa ra’ayinta game da kwando. Shi kuwa sai cewa yake, “Haka ne, ranki ya daɗe.” Da zai fita ya tsaya gaban Kinga, ya ce shi ne ya yi kuskure, ba jama’a ba.

Borys kuma a hannun Kinga ya faɗo. Ya zauna da tawul a wuya, kunnuwansa sun yi ja. Can ya ce a hankali, “Kin zo da littafin lissafin?”

“Yana kan tebur. Sunkuyar da kai.”

“Buɗe shafi na arba’in. Wayyo, a hankali mana.”

“Ka daina motsi, ga wata babba nan. Ina jinka.”

Haka suka yi Asabar uku, tana tsefewa yana koyarwa. Da sakamako ya fito, Kinga ta ci lissafi da maki ɗaya tak sama da abin da jami’a ke nema. Ta karanta takardar sau biyu a tsakiyar shagon, sannan ta zauna a kujerar aski ta yi kuka mai daɗi.

Darasi: Haɗin kai bai ce kowa ya ajiye hankalinsa a kwando ba. Wanda ya ce “a’a” a cikinku ku saurare shi kafin ku rufe masa ƙofa, wataƙila ya ga abin da ba ku gani ba. Kai kuma da aka ware, idan gaskiyarka ta fito, kada ka rama. Ku tura wa ɗalibai da malaman da kuka sani.