Saiwoyi Uku daga Kan Dutse

Akwai wani mutum, mai gida, wanda Allah ya ba shi hannun shuka. Gidansa yana gangare kusa da fadama, a bayan gidan kuwa yana da ɗan lambu da rijiya. Duk abin da ya sa a ƙasa sai ya yi: alayyafo, kuɓewa, yakuwa, har da wani fure ruwan ɗorawa mai ganye kamar takobi, wanda ya kewaye bakin rijiyar yana shan ruwan da yake zuba daga guga. Maƙwabta sukan zo neman shawararsa, shi kuwa ba ya rowarta.

Mahaifiyarsa tana zaune can kan dutse, a ƙauyen da aka haife shi. A ƙofar ɗakinta akwai wani fure, dangin nasa na bakin rijiya, ganyensu iri ɗaya, sai dai shi furensa shunayya ne. Da kwanakinta suka cika ta rasu, 'yan'uwa suka raba ɗan abin da ta bari. Wannan ya ɗauki tukunya, wancan ya ɗauki zane. Shi bai nemi kome ba sai saiwoyi uku na furen nan, masu kama da citta. Ya naɗe su a ƙyalle ya sauko da su gida, gama su ne kaɗai abu mai rai da ya rage masa daga hannunta.

Bai hana su kome ba. Ya zaɓa musu wuri mafi kyau a lambun, baƙar ƙasa a gefen rijiya, ƙarƙashin inuwar mangwaro. Ya haƙa rami mai zurfi, ya zuba takin tumaki, ya rufe su sosai don kada rana ta taɓa su. Safe da yamma yana ba su ruwa, yana cewa a ransa ai haka ɗan'uwansu mai ruwan ɗorawa yake so.

Kafin damina ta wuce, ta fari ta ruɓe. Da ya tone ta, ya tarar ta zama kamar lalatacciyar doya. Ya ce watakila abinci ne bai ishe su ba, sai ya ƙara taki, ya ƙara ruwa. Ta biyu ta fid da dogayen ganye har ya fara sa rai, amma fure bai fito ba, a shekara ta biyu kuma ta kwanta ta bi 'yar'uwarta. Ta uku ta rage da ganye biyu, bakinsu ya soma bushewa.

Abin ya yi wa mutumin nauyi ƙwarai. Ya ji kamar yana sāke binne mahaifiyarsa kaɗan kaɗan. Ya daina ba da shawara ga kowa. Maƙwabta kuwa suka ce masa irin ne ba shi da kyau, ya tuge shi ya sa barkono a wurin ya huta.

Ana nan sai innarsa, ƙanwar mahaifiyarsa, ta sauko daga dutse don ta gaishe su. Bayan ta sha ruwa ta huta, ta tambayi labarin furen yayarta. Ya kai ta wurin yana sunkuyar da kai. Tsohuwar ta durƙusa da kyar, ta sa hannu cikin laka tana tono, sai da ta nutsa har wuyan hannu kafin ta taɓa saiwar.

Ta ɗaga kai ta ce, “Ɗana, shuka ka yi, ko binnewa?”

Ya shiga lasafta mata duk abin da ya yi, da ƙasar, da takin, da inuwar, da ruwan safe da na yamma. Ta saurare shi har ya gama, ba ta tsauta masa ba.

Ta ce, “Ban ga rashin ƙauna a nan ba. Amma ka tuna mini, ka taɓa ganin yayata ta ɗebo ruwa ta zuba masa?”

Ya yi tunani. Bai taɓa gani ba. Sai ya tuna yadda saiwoyin suke kwance a kan tsakuwa a ƙofar ɗakin, rabinsu a waje, bayansu yana shan rana, kaji suna tsallake su. Dā yana tsammani tsufa ne ya hana mahaifiyarsa kula da su. Innar ta gaya masa na bakin rijiya ɗan laka ne, wannan kuwa ɗan dutse ne, kamannin ganye ne kawai ya ruɗe shi.

A ranar ya tone saiwar, ya yanke inda ya ruɓe, ya shafa toka, ya bar ta ta sha iska kwana biyu. Sa'an nan ya kwantar da ita a gindin katanga, cikin tsakuwar da ko ciyawa ba ta so, ya rufe rabinta kawai. Daga nan aikin da ya fi kowanne wuya ya fara, wato ya wuce ta da tulu cike a hannunsa bai zuba ba. Ganyen biyu suka bushe ƙurmus. Sau da yawa yakan tsaya a kanta zuciyarsa na ce masa ai ya riga ya kashe ta, sai ya daure ya kai ruwan wurin alayyafo.

Rani ya wuce. Da ruwan fari ya sauka, sababbin ganye suka ɓullo, kara ya miƙe a tsakiyarsu, wata safiya kuma fure guda ya buɗe. Matarsa ta same shi zaune a gindin katanga, yana murna da ɗayan, yana kuma kukan biyun da suka mutu a hannunsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, saiwoyin nan rayuka ne da Ubangiji ya danƙa a hannunmu: 'ya'yanmu, marayun da muke riƙo, da sababbin masu bi a ikkilisiya. Mai lambun nan mu ne, mu masu ƙauna, ba wani mugu ba ne. Kuskurensa ɗaya ne, ya ga abin da ya yi wa wani amfani, ya ɗauka kowa haka yake.

Wata uwa tana da 'ya'ya biyu. Ɗaya yana bunƙasa in ana jansa a jiki ana yi masa magana kullum. Ɗayan kuwa yawan faɗa da yawan tsaro suna shaƙe shi, sai ya yi shiru ya janye. Uwar ta ga haka, tsoro ya kama ta, ta ƙara faɗan, ta ƙara tsaron. Haka muke yi wa saurayi mai yawan tambaya a aji, mu rufe shi da amsoshi, alhali abin da yake bukata shi ne a ba shi wani aiki a amince da shi. In bai bunƙasa ba, mu ce irin ne ba shi da kyau.

Allah bai halicci mugun iri ba. Kai da kake ji kamar kowa yana fure sai kai, kada ka raina kanka, wanda ya yi ka ya san ƙasar da ta dace da kai. Kai kuma da wata saiwa ta riga ta mutu a hannunka, Ubangiji ya ga ruwan da ka ɗebo, ya san da wace zuciya ka ɗebo shi. Ka yi kukanka, amma kada ka zauna a nan, gama akwai wadda ta rage.

A makon nan, kowa ya tuna da mutum ɗaya da yake ƙauna wanda ya ƙi ci gaba. Kafin ka ƙara yi masa abin da ka saba, ka tambayi wanda ya fi ka saninsa, ka tambaye shi shi kansa, ka kuma roƙi Ubangiji ya ba ka ƙarfin janye hannu inda ya kamata. Mai raya shi ba kai ba ne.