Hoton da Sallau Bai Ɗauka Ba

An ce a wani gari an yi wani mai ɗaukar hoto, Sallau, wanda ake yabo da zafin nama. Wata rana aka gayyace shi tarbar Ɗanjuma, wani ɗan garin da ya shekara ashirin a Sudan bai ga mahaifiyarsa ba. Mota na tsayawa Sallau ya hau ɗauka ba ƙaƙƙautawa, sannan ya sunkuya yana duba abin da ya kama. Kafin ya ɗago, tsohuwa ta rungume ɗanta, ta yi kukanta, ta sake shi. Bayan mako biyu Allah ya yi mata rasuwa.

Ɗanjuma ya aiko neman hoton rungumar. Sai Sallau ya tafi wurin Malam Barau, wanda ya koya masa sana'ar, ya durƙusa kansa a ƙasa.

Ya ce, "Baba, hoto tamanin na ɗauka, duk na ƙofar mota da akwatuna."

Malam Barau ya ce, "Zauna ka ji nawa abin kunyar. Ina saurayi aka kai ni bikin kamun kifi. Na kafa kyamara ina ta gyare-gyare, wai sai haske ya daidaita. Wani masunci ya rungumo giwan ruwa ya ɗaga sama, kifin ya fizge ya koma ruwa, ni kuwa ban danna ba. Sarkin Ruwa ya ga na yi tsuru-tsuru, sai ya ce, 'Samari, bari in ba ka labarin zalɓe biyu.

'Zalɓe biyu ne suka sauka a fadama. Na fari duk motsin da ya gani sai ya kai sara, har ruwan ya gurɓace ya daina ganin komai. Na biyu ya ƙame yana jiran babban kifi, amma da kifin ya zo sai ya ɓata lokaci wajen gyara tsayuwa. Suka tashi da yunwa, kowa na jin nauyin kallon ɗan'uwansa. Kai ne na biyun nan.'"

Malam Barau ya nisa, ya ce, "To Sallau, ni nawa ce ta cuce ni, kai kuwa garaje. Ka gama shirinka tun da wuri, ka zuba wa mutane ido, ba na'ura ba. In lokacin ya zo, babu sauran shawara."

Sallau ya ce, "Na ɗauka, Baba. Amma me zan ce wa Ɗanjuma?"

"Gaskiya za ka faɗa masa."

Sallau ya share fuska ya miƙe. Ya ce, "To, ba zan aika kowa ba. Da ƙafata zan je."