Fararen Halittun Rijiyar Hafsatou

A unguwar Ladjifarani ta garin Parakou akwai wata mata mai suna Hafsatou, mai sayar da zoɓo a kasuwar Arzèkè. Mace ce mai tsabta, wannan ba mai musu. Aibinta ɗaya ne: ba ta iya jure a yi mata dariya, ko da wasa ne.

Ruwan sana'arta daga rijiyar tsakar gidansu take ɗiba, wadda mahaifinta ya haƙa tun kafin a haife ta. Ruwa ne mai sanyi da daɗi, ba ya ƙafewa ko da rani, kuma nan maƙwabta ke zuwa idan famfo ya ɗauke. Sai dai wani lokaci guga kan fito da waɗansu 'yan halittu farare fat, ba su fi ƙwayar shinkafa ba, ga ƙafafu birjik, amma ba su da ido. Hafsatou takan tace ruwan da ƙyalle ta tafasa, kuma ba wanda ya taɓa kuka da cikinsa.

Wata rana maƙwabciyarta Mu'minat ta zo ɗiban ruwa, ta leƙa guga, ta kwashe da dariya.

"Ashe zoɓon naki har da nama a ciki, Hafsatou? Shi ya sa ya fi na kowa daɗi!"

Tsokana ce kawai, amma ta tsaya wa Hafsatou a wuya. Da ta je bikin suna a Djougou gidan yayarta Zinariya, ko zanin tafiya ba ta sauya ba ta fara kai ƙara.

"Ki rabu da 'yan halittun nan," in ji Zinariya. "Ni ma suna cikin tawa rijiyar. Ba daga sama suka faɗa ba. Can ƙarƙashin ƙasa suke zaune, cikin yashi da tsagar dutse inda ruwa ke bi, ɗan dattin da ya sauka suke ci. Kin manta Baba yakan ce ranar da suka ɓace ne za a ji tsoron ruwan?"

"Yaya, ke ba a kasuwa kike ba. Ni sunana ake ɓatawa."

"Wa ya ɓata shi? Mutum ɗaya ta yi dariya."

Hafsatou dai ta riga ta yanke shawara. A hanyar komawa, da mota ta tsaya a Onklou, ta sayi kwalbar maganin ƙwarin auduga. Tana isa gida ta tuttule shi duka cikin rijiya. A tunaninta, in ta kwashe ruwan saman ta zubar, shi ke nan.

Da safe guga ya fito da halittun, duk sun mutu suna yawo a saman ruwa. Har murna ta yi, ta kira Mu'minat ta zo ta gani. Murnar ba ta kai azahar ba. Awakin Mu'minat suka sha ruwan da ta zubar a bakin ƙofa, suka faɗi suna kumfa. Bayan 'yan kwanaki rijiyar Malam Moumouni mahauci, da ke bayan katangarta, ta fara warin maganin, domin jijiyar ruwansu ɗaya ce. Aka kwashi 'yarsa zuwa asibiti tana amai. Allah ya sa da sauran kwana, ta tashi.

Ma'aikatan lafiya suka zo suka rufe rijiyoyin biyu. Labari ya riga Hafsatou isa Arzèkè, masu sayen zoɓo suka watse. Ba asarar ciniki ce ta fi ƙona mata rai ba. Abin da ya sa ta kuka shi ne ganin murfi a kan rijiyar da mahaifinta ya bar wa unguwa sadaka.

Ta buga wa Zinariya waya, ta ce, "Yaya, yaushe ruwan zai warke?"

"Ban sani ba, ƙanwata. Amma kada ki sa rai kafin ki ga halittun sun dawo."

Yau shekaru ke nan. Duk ƙarshen damina Hafsatou takan ɗaga murfin, ta zura guga, ta durƙusa tana dubawa, tana neman abin da ta kashe da hannunta. Har yanzu ruwa kawai guga ke kawowa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada tsoron dariyar mutane ya sa ka lalata abin da ba ka fahimta ba. Ƙarƙashin ƙasa ma gida ne, Allah ya zuba masa mazauna, kuma suna da aikinsu. Ruwan da ke can ba ya sanin katanga: abin da ka zuba a rijiyarka, maƙwabcinka ne zai sha.