Matar Galadima da Ɗan da Ta Kora

Akwai wata mace a zamanin dā, lokacin da kowane birni yake kewaye da ganuwa. 'Yar sarauta ce, mijinta kuma shi ne galadiman birnin. Tana da barori da rumbuna da shanu, amma ba abin da take ji da shi kamar sunan gidanta. Allah ya ba ta 'ya'ya maza biyu, Nomau da ƙanensa Jatau.

Ana nan sai yaƙi ya taso, galadima ya fita tare da 'ya'yansa. Da faɗa ya yi zafi, kibiya ta sami uban, ya faɗo daga kan doki. Nomau ya tsaya a kan gawar har aka ɗauko ta. Jatau kuwa fitarsa ta fari ke nan. Tsoro ya kama shi, ya yar da mashinsa ya gudu.

Bayan an share makoki, Jatau ya zo zauren gida ya durƙusa, ya ce, "Inna, na yi abin kunya. Ki gafarta mini."

Uwar tana bayan asabari, ta ji muryarsa, tausayinsa ya kama ta. Amma manyan gari suna zaune a zauren, suna jira su ji abin da za ta faɗa. Sai ta ce wa mai tsaron ƙofa, "Gaya wa baƙon nan, ni ɗa ɗaya na haifa."

Jatau ya tafi wani ƙauye mai nisa, ya kama noma, ya yi aure. Kowace kaka yakan ɗauko damin gero ya kawo ƙofar gidan, ya yi sallama, ya jira har rana ta karkata, sa'an nan ya koma. Uwar takan ji shi. Takan ce a ranta, "Bari maganar ta ƙara kwantawa. Baɗi zan buɗe masa."

Shekaru suka wuce. Nomau, wanda ya gaji sarautar, ya kwanta ciwo ya rasu bai bar ɗa ba. Sarauta ta koma wani gida, barori suka watse. A kakar wannan shekara ta sa aka buɗe ƙofa, ta zauna a zaure da kanta. Jatau bai zo ba.

Sai ta sa aka kai ta ƙauyen. Matar Jatau ta fito ta durƙusa, ta ce, "Sannu da zuwa, Inna. Da damina muka binne shi."

Tsohuwar ta tambaya, "Ya tafi yana fushi da ni?"

"Ko kaɗan. Zo ki gani."

Ta kai ta wani ɗaki a tsakiyar gidan, an share shi, an shimfiɗa sabuwar tabarma. "Tun kafin ya gina namu ya gina wannan. Kowane rani sai ya sabunta jinkarsa. Ya ce na Inna ne, wata rana za ta zo."

Tsohuwar ta shiga, ta zauna a ƙasa, ta yi ta kiran sunansa tana kuka.

Ma'anar wannan misali ita ce: matar nan ba muguwa ba ce, tana ƙaunar ɗanta. Amma ta ji tsoron bakin mutane fiye da yadda ta ji tsoron Allah, ta kuma ɗauka baɗi yana hannunta. Ubangiji ya gafarta mana tun ba mu cancanta ba, bai kuma duba abin da duniya za ta ce ba. Haka yake so mu yi wa juna.

'Yan'uwa, wataƙila a cikinmu akwai wanda ya rufe wa ɗansa ƙofa, ko ƙanwarsa, ko maƙwabcinsa, yana cewa sai zuciyarsa ta huce. Ka san sunan mutumin, yanzu ma ya faɗo maka a rai. In an tashi daga sujada, kada ka wuce gida. Je ka same shi tun yana iya amsa maka.