Ƙanƙarar Inna Awo

Akwai wani injiniya da abokan aiki ke kira Gaggawa. Kansa na ja, amma in ya faɗi magana, ko ubansa bai isa ya gyara ba.

Aikinsu ƙera 'yar na'urar da ke sanar da lif, mai kai mutane saman bene, cewa ya iso hawan da zai tsaya. A cikinta akwai gilashi da aka shafa wa ƙarfe mai maganaɗisu. Gaggawa ya rage kaurin shafen har ya kusa zama babu, wai na'urar za ta fi saurin ji.

Wata dattijuwa mai gwada kayan, Inna Awo, ta ce, "Ɗana, ƙarfen nan in da kauri, sai wuta ke raba shi da maganaɗisunsa. In ya sirance haka, zafin rana ma ya ishe shi. Gwajin da ka yi fa a ɗaki mai sanyin esi ne."

"Inna, zamaninku ya wuce."

Ya sa aka ɗaura sabuwar a lif ɗin ma'aikatar.

Wata rana da azahar ya shiga lif ɗin da 'yarsa mai ciwon asma. Ramin lif ya ɗau zafi. Na'urar ta daina ji, lif ya ƙame tsakanin hawa biyu.

Yarinya ta fara shaƙewa, ga maganinta a mota. Gaggawa ya daki ƙofa har hannunsa ya fashe. Masu gyara suka ce sai nan da awa guda.

"Baba, iska," in ji ta, idanunta na juyewa.

Tsoro ya kama shi. Ya zaro waya ya kira lambar da bai taɓa kira ba.

"Inna, ki rufa min asiri!"

Ba ta tsaya gori ba. Ta kwaso ƙanƙara a firji, ta sa aka ɓanɓare ƙofar hawan sama, ta sauka kan rufin lif da tsufanta, ta danna ƙanƙarar a jikin na'urar. Ƙarfe ya huce, maganaɗisu ya dawo, lif ya motsa.

Sai da suka fito aka ɗauko magani a mota, yarinya ta shaƙa numfashi ya daidaita, sannan Gaggawa ya durƙusa gaban Inna yana kuka.

Ta miƙa masa ragowar ƙanƙarar. "Ungo, sa a hannunka, jini yake yi."

Darasi: Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Kada ilimi ya toshe maka kunne daga gargaɗin wanda ya daɗe a kan aiki. Ku tura wa wani mai taurin kai, ƙila ya ji kafin ta kai shi ga kuka.